Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyarmu Ta Masu Ƙananan Sana'o'i A Birnin Katsina, Kan Batun Ɗaukar Lauya Da Akanta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe Shugaba, tare da iyayenmu da yayyenmu 'yan kwamitin zartarwa, ina gaishe ku gaisuwar ƙarami ga manya, da fatan kuna lafiya, iyali suna lafiya, kasuwa kuma tana albarka. Allah ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da mu ba tare da ko sisin albashi ba.

Ni ɗan wannan ƙungiya ne. Ina da ƙaramin gidan burodi a bayan Ƙofar Ƙaura wanda nake ci da shi shekara 14 ke nan, da yara tara a ƙarƙashina. Ba da yawuna kaɗai nake magana ba, domin mun zauna da wasu 'yan uwa, cikinsu akwai teloli da masu injin casar shinkafa da masu ruwan leda da masu POS, da kuma wakiliyar matan da ke matsar man gyaɗa da haɗa turaren wuta a cikin gidajensu, suka ɗora mini nauyin rubuta wannan takarda. Mun zaɓi mu buɗe ta kowa ya gani ne saboda a zauren taro an katse maganar tun ba ta kai ko'ina ba, kuma yawancin waɗanda abin ya fi shafa, musamman matan, ba su samu halarta ba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

A babban taronmu da ya gabata an kawo shawarar a ware wani kaso daga kuɗin wata-wata da muke biya, a ɗauki lauya ɗaya da akanta ɗaya waɗanda 'ya'yan ƙungiya za su riƙa tuntuɓa. Ba a kaɗa ƙuri'a a kanta ba. An jingine ta, aka yanke cewa kuɗin za su tafi wajen gyaran ofis da sayen rumfuna da kujerun haya. Wani dattijo da muke girmamawa ya ce kakanninmu sun yi fatauci daga Katsina har Gwanja ba su san wani abu akanta ba, zauren ya ɗauki tafi, magana ta mutu. Da neman afuwar Baba, ina ganin tarihin da ya kawo hujja ce gare mu. Ayarin fatake ba ya tashi sai da madugu, da jagaba wanda ya san hanya, da malamin ayari mai riƙe da alƙalami, kuma in sun sauka zango sai sun nemi fatoma, wato mai masaukin fatake, da dillalin da ya san farashin garin, su biya la'ada ba tare da gardama ba. Ba wanda ya ce falke ya gaza don ya biya wanda ya fi shi sanin hanya. Hanyar yau kuwa ta ofisoshi ce da takardu da na'ura, kuma yawancinmu a duhu muke tafiya a cikinta.

Kokenmu na farko shi ne an daɗe ana tura mu mu yi rajista, amma ba a taɓa kawo mana wanda zai gaya mana wace irin rajista ce ta dace da kowannenmu ba. Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin tallafi ko rance, sai a sanar cewa kowa ya je ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, haka ma aka yi a 2024 lokacin da aka wajabta wa masu POS rajista. Mutane suka yi ta tururuwa shagunan intanet, inda yaro zai karɓi kuɗi da hoto da lambar NIN ya ce a dawo jibi. Yaron nan bai san bambancin rajistar sunan kasuwanci da ta kamfani ba, ko kuma ya sani amma ya fi son wadda ta fi tsoka. Alhali bambancin babba ne. Mai rajistar suna, shi da sana'arsa abu ɗaya ne a gaban shari'a, in bashi ya hau sana'ar to gidansa da gonarsa suna ciki, harajinsa kuma na mutum ne da ake biya wa jiha. Kamfani kuwa mutum ne mai zaman kansa a idon doka, yana da hannun jari da daraktoci, harajinsa na tarayya ne, kuma ko bai yi cinikin kwabo ba dole ya miƙa bayanin shekara-shekara, in ya makara tara ta hau. Akwai tela a cikinmu mai keke uku da aka yi wa rajistar kamfani, ya liƙa takardar a bango yana alfahari, bai san akwai wani abu da ake miƙawa duk shekara ba sai da ya je banki neman rance aka duba aka ga sunansa cikin waɗanda ba su da motsi. Da ya koma neman gyara sai ya tarar yaron ya yi rajistar ne da lambar wayarsa da adireshin imel ɗinsa, kuma ya bar gari. Zaman minti ashirin da lauya kafin a fara da ya raba shi da wannan wahalar.

Koke na biyu ya fi ci mini rai, domin a jikina na ji shi. Shekarun baya, lokacin da nake son gina tanda ta biyu, wani ɗan uwana, ɗan wan mahaifina, ya ba ni kuɗi. A ƙofar gidansa ya miƙo mini su cikin baƙar leda bayan sallar isha'i, ya ce in juya, duk abin da Allah ya kawo mu raba. Ba mu rubuta ba, ba mu kira shaida ba, domin a lokacin in na ce a rubuta sai ya zama kamar na tuhume shi, shi ma in ya ce a rubuta sai ya zama kamar ya raina amanata. Shekara huɗu ina kai masa rabonsa kafin azumi, yana sa albarka. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, sai magada suka ce mahaifinsu yana da rabin gidan burodin, har da fili da tandar farko da na gina tun kafin kuɗinsa su shigo. Ni kuma abin da na sani jari ya ba ni in juya. Ba na cewa ƙarya suka yi, abin da suka fahimta ke nan daga maganar da suka ji a gida, kuma wanda zai raba gardamar yana kabari. Muka shafe wata takwas tsakanin zauren dattawa da gaban alƙali, na sayar da babur ɗin kai kaya da wata 'yar gona kafin aka rufe maganar, zumuncin kuwa har yau gaisuwa ce ta nesa.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta tsaya ga cewa a rubuta ba, ta ce marubuci ya rubuta a tsakaninku da adalci, a kuma kafa shaidu. Wato mutum na uku, wanda ya iya rubutun kuma ba shi da rabo a ciki. Malamanmu na fiƙihu sun bambance bashi da ƙiradi da tarayya, kowanne da hukuncinsa: a ƙiradi, wato wani ya ba da jari wani ya juya, ana raba riba bisa kason da aka yanke tun farko, asara kuma tana kan mai dukiya matuƙar mai juyawa bai yi sakaci ba, alhali bashi ana mayar da shi yadda aka karɓa ko an ci riba ko an faɗi. Ni da ɗan uwana ba mu taɓa ambata wanne muke yi ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta buɗe ƙofofin haɗin gwiwa iri-iri, har ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani shi kaɗai. Duk wannan yana nan, amma a kasuwarmu har gobe miliyoyi suna sauya hannu da "Allah ya sa albarka" kawai, kuma duk wata sai kwamitinku ya zauna sasanta irin wannan rigimar, kuna kashe lokacinku kan abin da takarda mai shafi biyu za ta hana aukuwarsa.

Na uku shi ne lissafi, kuma a nan ma zan tona asirin kaina. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, fulawa da suga da bota da itace da kuɗin mota duk suka tashi, na ƙara farashi sau da yawa, ciniki bai ragu ba, kullum burodi yana ƙarewa, amma duk lokacin sarin fulawa sai na ga buhunan da nake iya ɗauka suna raguwa. Na zargi yarana da sata, har na sallami ɗaya, Allah ya yafe mini. Daga baya wani abokina ya haɗa ni da wani akanta matashi, na yarda da ƙyar. Asabar uku ya zo. Bai fara da littafi ba, sai ya ce a kawo sikeli. Ya tsaya a bakin tebur ana kwaɓa buhu guda, ya ƙirga gwangwani nawa ya fitar na kowane girma, ya auna curin ƙulli ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kuɗin leda da yis da gishiri da itacen kwana ɗaya da abincin yara, har da man gyaɗar da ake shafa wa gwangwani, abin da ban taɓa sawa a lissafi ba. Sannan ya karɓi littafin bashin masu shayi, wanda rabinsa a kaina yake, rabi a bayan kwalin suga. Abin da ya fito shi ne ƙaramin burodin da ya fi tafiya, wanda nake taƙama da shi, a kan faɗuwa nake sayar da shi, babban ne ke ɗauke da shi. Kwantan da 'yan sari ke dawo da shi ban taɓa cire shi daga ciniki ba. Cefanen gidana kuma daga aljihun da nake zuba kuɗin fulawa yake fita, ta yadda uwar kuɗi nake ci ina tsammanin riba ce. Ba wanda ya sace mini komai. Kuɗin da na biya shi bai kai na buhun fulawa ɗaya ba, yaron da na sallama kuwa sai da na bi shi har gidansu na ba shi haƙuri.

A taron an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, ni na san ana yoyo, amma ban san ta inda ruwan ke shiga ba, kuma mai ɗakin ma kafinta yake kira ya hau rufin. Wannan rashin lissafin bai tsaya ga riba ba, ya taɓa ibada. Zakkar kayan kasuwa ɗaya ce cikin arba'in idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta kewayo, to wanda bai san adadin kayansa da bashin da yake bi da wanda ake binsa ba, da me zai fitar in ba da kintace ba? Haka nan gobarar da ta ci Babbar Kasuwa a watan Maris na 2021, Allah ya kiyaye gaba, ta nuna mana cewa wanda duk lissafinsa yana cikin littafi ɗaya a cikin shago, ranar da wuta ta zo kaya da shaidar kaya tare suke tafiya.

Na huɗu haraji ne, ba zan tsawaita ba. A watan Yuni na 2025 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, suka fara aiki a Janairun 2026, har hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS. A ƙarƙashinsu naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu, kuma akwai sassauci ga ƙananan kamfanoni. Sai dai sassauci ba ya bin mutum gida, sai ya nuna a rubuce cewa ya cancanta, wanda ba shi da lissafi kuma ƙiyasi za a yi masa, mai ƙiyasi kuwa cikar shago yake kallo, bai san rabin kayan na bashi ba ne. Abin da ke yawo a tsakaninmu yanzu saƙonnin murya ne na WhatsApp, wani ya ce za a riƙa cire kuɗi daga kowane asusu, wani ya ce a kwashe kuɗi daga banki. Ƙungiya ba ta kira ko mutum ɗaya masani ya warware mana ba.

Sauran takardun da muke sa wa hannu ido rufe suna da yawa: yarjejeniyar hayar shago da Turancin da ba mu ji, takardar rancen banki da ake nuna mana wurin sa hannu kawai, cinikin filin da za a kafa inji alhali dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar mallaka ba ya sayarwa sai da amincewar Gwamna, da rajistar NAFDAC da masu burodi da ruwan leda ke bi ta hannun 'yan tsakiya. Wanda sana'arsa ta bunƙasa har ma'aikatansa suka kai 15, dokar fansho ta 2014 ta hau kansa, shi ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ma'aikacin kuma kashi 8, kuma na tabbata akwai masu injin casa a cikinmu da suka wuce wannan adadin ba su taɓa ji ba.

Kada a fahimce mu da cewa kowa sai ya ɗauki ƙwararre. Mai tebur ɗin goro, ko matar da ke soya ƙosai da jarinta ita kaɗai, littafi na naira ɗari biyu da biro sun ishe su, duk wanda ya ce su biya akanta cutarsu yake so. Ita kanta dokar 2020 ta sauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin ɗaukar odita, wato mai binciken lissafi. A ganinmu iyakar a fili take. Ranar da kuɗin wani ya shiga sana'arka, ko ɗan uwa ne ko banki, ka nemi marubuci. Ranar da aka miƙo maka takardar da ba za ka iya bayyana wa ɗanka abin da ta ƙunsa ba, kada ka sa hannu sai lauya ya karanta. Idan wasiƙa ta zo daga hukuma mai ɗauke da wa'adi, ba ranar neman shawarar 'yan majalisar hira ba ce. Idan kuma ciniki yana ƙaruwa jari yana raguwa, ko ka kai matsayin da wani ke karɓar kuɗi a bayan idonka, lokacin akanta ya yi. Ba sai ka ɗauke shi aiki da albashi ba, sau biyu ko uku a shekara ya wadatar. Yawancinmu sai ranar da sammaci ya iso muke neman lauya, lokacin da kuɗinsa ya ninka kuma abin da zai iya yi ya ragu, ga shi kuwa ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun san abin da ke hana mutane, kuma ba duka ne rashin hujja ba. Ɗan kasuwa ba ya son a san cikinsa, yana tsoron abin da ya faɗa wa akanta ya isa kunnen masu haraji ko na abokin hamayya, ko ma na miyagu a wannan zamani da muke ciki na rashin tsaro. Yana tsoron ya shiga ofishin lauya a yanka masa kuɗin da bai taɓa zato ba, domin ba a rubuta farashi a ƙofa. Wasu kuma an taɓa cutarsu, wani mai jaka da kwat ya ce shi ƙwararre ne ya karɓi kuɗi ya ɓace. Waɗannan duka abubuwa ne da mutum ɗaya ba zai iya magance su ba, ƙungiya kuwa za ta iya, kuma don irin wannan muke biyan kuɗin wata.

Saboda haka muna roƙon ku, cikin ladabi, ku dawo da shawarar da aka jingine a taro mai zuwa, a karanta ta a fili, a kaɗa ƙuri'a, kuma a ba matan da ba sa iya halarta damar aiko da ra'ayinsu ta hannun wakiliyarsu. Idan ta samu karɓuwa, muna so a yi yarjejeniya ta shekara ɗaya da lauya ɗaya da akanta ɗaya, masu jin Hausa, waɗanda za su riƙa zama a ofishin ƙungiya yini ɗaya a mako, tuntuɓar farko kyauta ga duk wanda ya biya kuɗinsa na wata, abin da ya wuce haka kuma a rubuta farashinsa da Hausa a liƙa a bango. Kafin a ɗauke su a tantance su: akanta ya kawo lambarsa ta ƙungiyar ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN, lauya ya nuna hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, kuma a sa sharaɗin riƙe sirri a cikin yarjejeniyar, ta yadda ko 'yan kwamiti ba za su ga lissafin wani ba. Wannan sharaɗin na ƙarshe muna ba shi muhimmanci ƙwarai, domin in babu shi ba wanda zai zo.

Muna kuma roƙon a sa lauyan ya zauna da ɗaya daga cikin malamanmu na fiƙihu su tsara takardu guda uku da Hausa, ta bashi da ta ƙiradi da ta hayar shago, waɗanda kowa zai iya karɓa ya cike a gaban shaidu. Idan takardar daga ƙungiya ta fito kuma ta zama al'ada, kunyar cewa ɗan uwa "zo mu rubuta" za ta ragu, sai mutum ya ce dokar ƙungiya ce. Haka nan a daina ba 'yan tsakiya lasifika a taronmu suna tallar rajista, sai wanda aka tantance, kuma duk wanda za a yi wa rajista a yi ta da lambar wayarsa da imel ɗinsa. Ga ƙananan ayyuka irin na koya wa mutum tsara littafin shiga da fita, muna ba da shawarar kwamiti ya rubuta wa sassan koyar da aikin akanta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ya nemi ɗaliban ajin ƙarshe su riƙa zuwa ƙarƙashin kulawar akantan ƙungiya, a ba su kuɗin mota. A sa mace ko da ɗaya ce a cikinsu, saboda matan da ke sana'a a cikin gida.

Game da kuɗi, ba mu ce a fasa gyaran ofis ba, rufin yana yoyo kowa ya gani. Rumfuna da kujerun hayar ne muke roƙon a dakatar da sayensu zuwa baɗi. Idan kason bai isa ba, mu da muka aiko da wannan takarda mun amince a ƙara mana wani abu a kan kuɗin wata, matuƙar za a riƙa karanta mana yadda aka kashe shi duk bayan wata uku.

Muna fatan Sakatare zai sanya batun a jerin abubuwan da za a tattauna kuma ya sanar da mu mako guda kafin taron. Ni zan zo da littafina na da, da kwalin sugan, da littafin da nake amfani da shi yanzu, duk mai son dubawa ya duba. Telan da na ambata shi ma ya ce zai zo da takardarsa.

Allah ya ƙara wa Shugaba da 'yan kwamiti lafiya da haƙuri da mu.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Mai gidan burodi a bayan Ƙofar Ƙaura, Katsina,
a madadin 'yan uwan da suka wakilta shi.